Ka Hau Da Yawuna

Kafanchan.

Ɗana Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. In kana karanta wannan takarda, ka sauka ke nan, kuma ina fata ka sauka lafiya, direba bai yi irin gudun nan da suke yi in sun wuce Jere sun ga titi ya miƙe ba. Ubangiji ya tsare ka a hanya da masauki, ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, tunda saman ka zaɓa.

Ina rubutawa ne a baranda da yamma, ka fita sallama da abokanka. Zan ba Mamanka ta cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin accar da ta ɗaura maka, don na san ba za ka kai can ba sai yunwa ta kama ka, lokacin kuwa ka yi nisa, ba ka ganin fuskata. Ka san ubanka. Bakina ya iya faɗa, bai iya ba da haƙuri ba. Gobe a tasha zan buɗe shi, abin da zai fito bai wuce in ce ka kula da jakarka ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ai ka fi ni saninsa. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Ranar da ka gaya mana cewa kamfanin nan na Abuja mai gyaran itatuwa a gidaje da otal-otal da ofisoshi ya ɗauke ka, na ce maka a gaban Mamanka da ƙannenka, in ka hau bishiya don neman abinci, ba da yawuna ba. Wata biyar ke nan maganar tana zaune tsakaninmu. Kana gaishe ni da safe, ina amsawa, amma ni da kai mun san akwai abin da ba a taɓa ba. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya a kan reshe, na san yadda ƙafa take rawa in mutum ya hau sama da bakin ubansa a bayansa. Ba na so ka taka bishiyar kowa a garin can da wannan nauyi. Sai dai kafin in kai ga maganar, ka yi haƙuri ka ji abin da ya sa na faɗe ta. Hankalina a kwance yake yau, irin kwanciyar da rabona da ita tun kana goye, saboda haka bari in bi ta a tsanake.

Ka sha jin 'yan kasuwa suna tsokanata da Shi-ko-Ita, in ka tambaya in ce maka wasa ne. Ba wasa ba ne. Ina saurayi, sabon shiga sana'a, addata tana sheƙi, wata Hajiya 'yar Zariya da ke bayan tsohuwar kasuwa ta aika a kira ni. Akwai tsamiya babba a tsakar gidanta, surukinta ne ya dasa ta lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan. Wani reshe ya miƙa ya kwanta a kan kwanon ɗakinta, in iska ta taso sai ya yi ta gurzar kwanon. Na same ta ta yafa mayafi za ta gidan suna. Ta ɗaga hannu sama ta ce, “Yohanna, ka ga wannan? Ya ishe ni. Ka sare shi kafin in dawo.”

To, ka san Hausarmu ta nan. A bakinmu namiji shi, mace shi, mota shi, tukunya ma shi. Ni da na tashi da yarenmu a gida, na tsinci Hausa a coci da tasha, ina zan san cewa a wurin Hajiya reshe ne shi, tsamiya kuwa ita ce? Na bi hannunta da kallo, na ga bishiya. Na kira abokaina biyu muka duƙufa. Kafin la'asar tsamiya tana ƙasa, mun daddatsa ta, har na share tsakar gidan na tara ganye gefe guda ina jiran yabo.

Da ta dawo ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi. Ta tsaya a bakin zaure ta dubi inda inuwa take a da, rana ta haske mata fuska. Sannan ta tako a hankali ta zauna a kan kututturen.

Na ce, “Hajiya, na gama. Na sare shi kaman yadda kin ce.”

Ta ce, “Shi na ce, ɗan nan. Ban ce ita ba.”

A inuwar tsamiyar nan aka yi sunan 'ya'yanta duka, a nan aka yi zaman makokin mijinta. Ba ta kai ni ƙara ba, ba ta zage ni ba, har ta sa aka kawo mini ruwa. Ruwan nan ya fi mari zafi. Da damina ta faɗi na kai mata dashen wata tsamiya, ta karɓa ta ce jikokinta sa sha inuwa. Ta rasu dashen bai kai tsawon katanga ba. Tun daga ranar na sa kunne a Hausa har na iya shi da ita, ga shi ma ina rubuta maka su daidai, amma tsamiyar ba ta tashi ba.

Saboda haka, ɗana, kada ka yarda da nuni daga nesa. Inda za ka, kowa da irin Turancinsa, kowa da abin da yake nufi in ya ce a rage. Ka ja mai gida har gindin bishiya, ka ɗaura tsumma ko ka shafa fenti a kan reshen, ka ce, wannan? In ya ce e, ka sake tambaya. In mai gadi ko direba ne ya ba ka saƙo, ka zauna ka jira mai gidan, ko da wuni za ka yi. Za a ce kana da naci, ka bar su su ce, mai tambaya ba ya ɓata. Katanga in ka rushe ta birkila zai tayar cikin mako guda, amma bishiya sai wanda ya dasa ya tsufa kafin ta yi inuwa.

Bayan wannan na koyi tambayar masu gida, amma ban koyi tambayar masu sani ba, don a ganina babu su. Na yi suna a gari, ana cewa Yohanna ba ya wuni a kan bishiya ɗaya. Yadda nake yi, in hau, in sari reshe ta sama, nauyinsa ya ja shi ya faɗi, ya yago ɓawo tun daga wurin saran har kusan gindi. Sai in ɗebo baƙin man inji in shafe wurin in ce magani ne. Masu gida suna jin daɗi, don sun ga an shafa wani abu.

Wata rana da rani ina rage madatai a harabar wani sito na citta a hanyar Samaru Kataf, sai ga wani dattijon Bafulatani, Buba, ya ratsa sanda a kafaɗa, shanunsa suna jiran ganyen da nake zubowa. Ya daɗe yana kallona. Da na sauko ya ce, “Sannu da aiki, maƙwabci. Amma kai fiɗa kake yi, ba sara ba.”

Na ce, “Kai mai bin saniya, mene ka sani a kan itace?”

Bai ji haushi ba. Ya ce in ina da ƙafa in biyo shi. Don in ƙure shi na bi shi, har bakin rafi, wurin wani madaci da ya ce tun zamanin mahaifinsa suke sarar wa shanu ganyensa kowane rani. Na zaga bishiyar ina neman ruɓa ban samu ba. Kowane tsohon sara ya rufe, ya yi zagaye kamar cibiya. Ya hau da ɗan gatarinsa, ba takalmi. Ya fara saran reshen ta ƙasa, ɗan kaɗan, sannan ya koma ta sama ya ɗan matsa waje, reshen ya faɗi tsaf bai ja ɓawo ko na ɗan yatsa ba. Sai ya gyara guntun da ya rage, amma kumburin nan da ke wuyan reshe, inda ya haɗu da uwar, bai taɓa shi ba. Ya dafa wurin ya ce, “Da nan take rufe ciwonta. In ka cire shi, ba ta da abin rufewa. Kuma ba na kwashe na bana duka. In na kwashe, me nagge za ta ci baɗi?” Da muka dawo ya shinshina galan ɗina na baƙin mai, ya ce, “Wannan, in kai ke da gyambo, ka yarda a shafa maka?”

Na yi dariyar yaƙe na ce kowa da irin aikinsa. Washegari kuwa na fara yin yadda ya yi, ina waige kada wani ya gani ya ce a wurin makiyayi na koya. Abin da na koya maka na ƙasa kafin sama, da barin wuyan reshe, da kada a ɗebe wa bishiya ganye da yawa a shekara ɗaya, duk na Buba ne, ni aro na yi. Ban taɓa ce masa na gode ba. Shekarun da gari ya rikice suka tashi da shanunsu, ban san inda suka nufa ba. In yana raye Allah ya ƙara masa lafiya.

Na san kamfani zai koya muku waɗannan da sunayen Turanci, da littafi da hoto. Ka koya, ka riƙe. Amma in wani tsohon mai ban ruwan fulawa ko mai gadi ya tsaya yana kallon aikinka ya yi shiru da yawa, ka sauko ka gaishe shi ka tambaye shi abin da ya gani. In ya ba ka abu mai amfani, ka gode masa a ranar, kada ka bari sai wata rana.

Yanzu ga wadda ka san rabinta. Ka taso ka gan ni ina ɗingishi, aka ce maka reshe ne ya karye da Baba. Reshe ya karye, gaskiya ne, amma kunya ce ta kayar da ni, ita da son yabo.

Ranar Juma'a ce, washegari ana ɗaurin auren 'yar wani dattijon ikkilisiyarmu. An yi ruwa tun safe, bai ɗauke ba sai da rana ta raba. Akwai doguwar bishiyar turare a gefen inda za a kafa rumfa, da busasshen reshe can sama. Dattijon ya kama hannuna ya ce, “Ɗan'uwa Yohanna, ka taimaka mana, biki gobe ne, baƙi suna zuwa daga Kaduna. Allah zai riƙe ka.” Ka san jikin turare in ya jiƙe, sabulu ne. Na sani sarai. Cikina ya ce a matsar da rumfar, a bari rana ta fito. Amma matan zumunta suna gefe suna tsintar shinkafa, sai ɗaya ta ce, “Ai Yohanna biri ne, minti biyar ya gama.” Igiyata tana ɗaure a bayan keke. Na dube ta, na ga in na tsaya ɗaura ɗamara za a ce biri ya ji tsoro. Na tuɓe takalmi na hau haka nan.

Abin da na tuna, sama ta juya, sai na farka ina kallon silin asibiti. Wata bakwai na yi a kwance. Kai kana wata huɗu a duniya. Mamanka ta goya ka ta shiga gonakin mutane, tana haƙar citta, tana tsagawa, tana shanya, ta dawo ta juya ni ta wanke ni kamar jariri na biyu. Ka dubi tafin hannunta wata rana da kyau. Aure kuwa an ɗaura, an ci shinkafa, an yi rawa. Dattijon ya zo duba ni sau ɗaya da lemo a leda. Ban riƙe shi a zuciya ba, ai ba shi ya ɗaga ƙafata ya ɗora a bishiya ba. Da na warke na koma hawa da ƙafa ɗaya da rabi, don ba ni da wata sana'ar, kuma kullum na fita Mamanka ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar kekena a ƙofa.

Ka ji ni da kyau a nan. A cikin kayan aikinka duka, babu wanda ya kai kalmar a'a. Zarto ana saye, igiya ana saye, ita kuwa sai mutum ya haɗiye kunya kafin ya same ta. Allah yana riƙe mutum, amma shi ne ya ba mu hankalin ɗaura igiya. Kada ka hau jiƙaƙƙiyar bishiya. Kada ka hau in iska tana kaɗa kan itatuwa. In reshe yana kusa da wayar lantarki, kada ka yarda da mai cewa ai tun jiya babu wuta, ka san yadda ake kawo ta ba sallama. Sai masu ita sun zo sun kashe ka gani da idonka. Ka ɗaga kai ka nemi zuma da rina kafin ka ɗaga ƙafa, ka dubi ƙasa ka ga babu mutum babu mota. Kada ka hau da yunwa, kada ka hau da fushi, kada ka hau bayan ka kurɓi wani abu ko da rabin ƙwarya ne. In kuma ka ji ana yabonka kana gindin bishiya, to lokacin ne za ka sake duba ƙullin igiyarka.

To, ka ga abin da ya sa. Ranar da ka kawo mana labarin aikin nan fuskarka tana haske, ni ba kai na gani ba. Na ga wata yarinya da ban ma san ta ba tukuna, goye da jikana, tana haƙar citta a gonar wani. Tsoro ne ya kama ni. Da na ce maka, ɗana, tsoro nake ji, da mun zauna mun yi magana irin ta manya. Sai na ga uba ba ya cewa yana jin tsoro, na juya tsoron ya zama baki na jefe ka da shi. Wannan ya fi sauran kurakuraina muni, don su da adda na yi su, wannan da harshe. Magana kuwa zarar bunu ce. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ranar da tsoro ya kama ka saboda su, ka kira shi da sunansa a gabansu, ba zai rage maka girma ba.

Mamanka ta yi iya yinta. Ta ce mini, “Baban Habila, yaron nan zai tafi da maganan nan a kansa? In wani abu ya same shi, kai ne ba za ka sake cin tuwo da daɗi ba.” Na ce ta bar ni in ji da abin da ke damuna. Maimakon in janye, sai na shiga neman laifinka, don in samu abin da zan ce ai ga shi na faɗa.

Shi ya sa makon shekaranjiya, da na ji otal ɗin nan na hanyar Kagoro sun kira ka saboda bishiyar dogon yaron da ke kan wurin ajiye motoci, na bi bayanka. Ba ka sani ba. Ka yi tunanin ubanka, da sanda da gurguwar ƙafa, ya ja hula har ido, ya laɓe a bayan mai gasa masara a bakin get. Matar ta gane ni tun daga nesa, ta ce, “Baba Shi-ko-Ita, yau kuma ɓuya ne?” Sai da na sayi masara biyu kafin ta yi shiru.

Na san bishiyar nan, kai ma ka san na san ta. Shekara goma sha biyu da suka wuce mai otal ya ce ta yi tsawo, na yi mata abin da muke kira aski. Na datse kanta gaba ɗaya, na bar gungume tsaye kamar turken waya. Lokacin haka kowa yake so, har alfahari nake yi, na sha nuna maka ita in muna wucewa a babur. Abin da ban sani ba, ko kuma na ƙi sani, shi ne wurin datsar yana shan ruwa kowace damina yana ruɓewa ta ciki, rassan da suka tsiro daga baya kuwa a ɓawo kawai suke manne. Sun yi tsawo, kore shar, gwanin sha'awa, amma a kan ruɓa suke tsaye, motocin mutane suna ƙarƙashi.

An yi yayyafi da safen ranar. Manaja yana ta kai da komowa, waya a kunne. Na ga ka zaga bishiyar sau biyu, ka buga jikinta da bayan adda, ka kara kunne. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an buga tulu ba ruwa.

Manaja ya ce, “Abeg, mai fren, ka hau ka yanka shi yanzu-yanzu. Muna da biki gobe, gest za su faka a nan.”

Biki gobe. Na daina cin masarar. Na kama sandata zan fito in yi ihu, ko da za a yi mini dariya har ƙarshen shekara.

Sai na ji ka ce, “Oga, yau kam ba zan hau ba. Cikinsa ya ruɓe, kuma ya jiƙe. A cire motoci, a tare wurin kada kowa ya bi. In ya bushe zan bi ta madacin can da ke kusa da shi in sauke shi guntu-guntu.”

Ya ce, “Ka san akwai bois da yawa a tasha da za su yi shi nan da awa ɗaya?”

Ka ce, “Akwai, Oga. In ka kira su, ka gaya musu abin da na gaya maka.”

Ba ka ɗaga murya ba, ba ka sunkuyar da kai ba. Abin da na kasa faɗa a gaban dattijo ɗaya da mata masu tsintar shinkafa, ka faɗe shi kamar mai cewa ina kwana. Na saki sandar na zauna.

Manaja ya yi tsaki, ya ɗaga kai, ya hango tsohuwar datsar, baƙa ƙirin a tsakanin rassa. Ya ce, “Wane mahaukaci ne ma ya yanka shi haka tun farko?”

Ka san ko wane ne. Wata biyar ina amsa gaisuwarka ta hanci. Da ka faɗi sunana a wurin, da ban ga laifinka ba. Sai ka ce, “Oga, lokacin haka ake yi. Wanda ya yi, ya yi iya saninsa. Shi ne ma ya koya mini buga itace in saurara.”

Kuka na yi, Habila, a bakin titi, da masara a hannu. Matar ta ce hayaƙi ne, ta kama fifita shi gefe. Na ce mata ba hayaƙi ba ne.

Manaja dai bai kira kowa ba, ya sa aka cire motocin. Bayan kwana uku na sake komawa, wannan karon ma a ɓoye, na ga yadda ka bi ta madacin ka sauke rassan ɗaya bayan ɗaya. Da babban guntun ya taɓa ƙasa sai ya fashe, baƙin ruwa da gara suka watsu. Da ka hau ranar farko, da wannan ne zai riƙe nauyinka. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To ga babba ya hau ya sauko bai gani ba, yaro ya gani yana tsaye a ƙasa. Na dawo gida na ci tuwo har na nemi ƙari, Mamanka tana kallona tana tambaya ko lafiya.

Kada ka yi wa bishiya aski, ko mai gida ya durƙusa maka. In ta yi tsawo ka rage ta a hankali, kowane reshe ka mayar da shi wurin ɗan'uwansa na gefe da zai karɓi girman. In kuma ka ga ba ta da wurin zama a inda take, ka gaya masa gaskiya a cire ta a dasa wadda ta dace. Amma me nake koya maka, kai da ka riga ka sani.

Yanzu ga maganar. Na janye abin da na faɗa, duka, ban bar ko guntu ba. Ka hau da yawuna, ɗana. Ka hau da albarkata da ta Mamanka. Na faɗi waccan a gaban ƙannenka, saboda haka gobe in mun dawo daga tasha zan tara su in faɗi wannan ma a gabansu, don kada wani a gidan nan ya tashi yana zaton bakin ubansa yana bin wansa. Kai kuma ka gafarta mini watanni biyar ɗin nan. Tsoron bai tafi duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba, ba ya tafiya sai uba ya shiga ƙasa. Amma yanzu tsoro ne irin wanda ake iya cin abinci da shi, don na ga da idona cewa ka san lokacin da ba a hawa.

Saura roƙo ɗaya. Dogon yaron otal ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinsa da yawa a garin nan da na yi wa aski, a gidajen mutane, a bakin shaguna, har da inda yara suke wasa. Ni kaɗai na san inda suke duka, kuma tun ranar nan suke zuwa mini a rai ɗaya bayan ɗaya. In ka zo Kirsimeti, itatuwa sun bushe, ina so mu zaga gida-gida. Ni zan yi sallama, in gaya wa masu su da bakina cewa aikina ne kuma ban yi shi daidai ba. Kai za ka duba, ka faɗi yadda za a yi, abin da ka ce shi za a yi. Ni aikina in tsaya a ƙasa in kori akuyoyi, in ka ce in matsa in matsa.

Ubangiji ya riƙe hannunka, ya ƙarfafa kowane reshe da za ka taka, ya ba ka abokan aiki masu tsoron Allah da shugabanni masu jin a'a. Ya sa kowace bishiya da ka hau ka sauko daga kanta da ƙafafunka biyu, yau da gobe, har ka tsufa ka gaji da hawa don kanka. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ka wanke accar sau uku saboda tsakuwa. Ƙannenka suna gaishe ka. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Amin.

Ni ne babanka, mai jiranka a ƙasa,

Yohanna.